An Ɗora Kwano, Amma Ba a Gama Ba

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna aiki a birni, muna kuma gina ɗan gida a ƙauye domin ranar ritaya. Na lura da zarar an ɗora kwanon rufi sai mai gida ya ce an gama. A ganina, daga nan ne ya kamata mutum ya zo ya tsaya a kan aikin da kansa.

Ginina ne ya koya mini. Na bar birkila ya yi filasta cikin hunturu, ni kuwa ina birni ina aika kuɗi. Ba wanda ya yayyafa wa bangon ruwa. Siminti yana son danshi na aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Iska ta busar da shi, ya tsattsage tun kafin damina. Bututun wayar lantarki ma ba a binne ba, sai da aka sake fasa bango. Na biya sau biyu, laifin kuma nawa ne.

Saboda haka, dattawa, tayil da fenti za su iya jiran shekara mai zuwa. A fara shafa maganin gara a katakon rufi kafin silin ya ɓoye shi. A sa raga a tagogi saboda sauro. A zuba daɓe kewaye da gindin bango, kada ruwan kwano ya cinye harsashi. Masai kuwa a haƙa shi ta gangare, mita 30 daga rijiya, ko da magini ya ce ya yi nisa.