Karatun yara a gida: kada agogo ya tsorata iyaye

A ƙasar Amurka akwai iyaye mabiya ɗarikar Katolika da ba su kai ƴaƴansu lakwal, su da kansu ke karantar da su a gida. Tun 1993 doka ta yarda da haka a dukkan jihohi 50 na ƙasar. Cibiyoyi irin su Seton da ke garin Front Royal kan aika musu da littattafai da tsarin darasin kowace rana. To amma babban abin da ke hana waɗannan iyaye barci shi ne lokaci. Takarda ta ce lissafi ƙarfe tara, ga jariri yana kuka, ga tukunya bisa wuta. Sai uwa ta ɗauka ta gaza, wata ma ta fara tunanin barin abin gaba ɗaya.

Mu dai a ganinmu wannan fargaba ta yi yawa. Bari mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. A jihar Pensilbaniya doka ta nemi kwana 180 ko awa 900 a shekara ga yaron firamare, wato awa 5 a rana. In aka raba awa 900 ɗin bisa kwana 300, sai ta dawo awa 3. Jihar Teksas kuwa ba ta ƙayyade awa ba ko kaɗan. Ashe asarar safiya guda ba ta karya jari, ana cike giɓin da yamma ko wata rana.

Sannan ita lakwal tana buga ƙararrawa ne don mushe guda yana riƙe da yara masu yawa. Kiran suna, shiga layi da tsawatarwa duk suna cin lokaci. Uwa mai yara uku a gabanta ba ta da wannan ɗawainiya.

Addininsu ma ya ba su turakun da za su ɗaure wuninsu. Akwai addu'ar Anjelus da ake yi ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma, ga Lahadi ranar coci da hutu. Darasi mai nauyi a yi shi bayan addu'ar safe, mai sauƙi bayan ta rana. Kuma tun 1965, zamanin Fafaroma Bulus na Shida, babban taron Batikan ya bayyana cewa iyaye su ne malaman farko na ƴaƴansu.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan ɗan kasuwar Konni ko Gaya da wannan? Mu tuna 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, yara suka zauna gida. Da yawanmu mun ga ba za mu iya bin tsarin lakwal ba, muka bar su haka nan, alhali makarantar allo ta daɗe da nuna mana ana karatu da asuba, ana yi da dare.

Sai dai sassauci ba sakaci ba ne. Yaron da ake ce wa gobe, gobe, shekara za ta ƙare bai iya rubuta sunansa ba. Shawararmu ita ce a samu ɗan littafi kamar na bashi, a riƙa rubuta abin da aka karanta kowace rana, a duba shi ƙarshen mako. Ranar kasuwa a rage, washegari a biya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana zuri'a.