Wasiƙar Da Ta Ɓata Hanya: Laifin Akawu Ne Ko Na Ofis?

Darasin farko da muke ɗora ɗalibi a kai a ajin kimiyyar harshe shi ne cewa ƙwayar sauti guda tana iya juya ma'ana baki ɗaya. Tsakanin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, 'yar lanƙwasa ce kawai. Ban taɓa zaton darasin zai shafi tsaron ƙasa ba, sai a watan Yulin 2023, lokacin da jaridar Financial Times ta fallasa cewa miliyoyin wasiƙun imel da aka nufi sojojin Amurka da su sun shekara da shekaru suna zarcewa Mali. Adireshin sojojin yana ƙarewa da .mil, na Mali kuwa da .ml, wato harafi ɗaya ne ya raba su. Mutumin Holan da ke kula da adireshin Mali a lokacin, Johannes Zuurbier, ya ce daga Janairun shekarar kaɗai ya tara saƙonni kusan 117,000, har da bayanan lafiya da na tafiye-tafiyen hafsoshi.

In ana batun tonuwar sirrin ofis, hankalinmu kan tafi ga ɓarayin intanet. Amma sau da yawa babu ɓarawo, mai gida ne ya miƙa kayan da hannunsa. A watan Satumban 2021, bayan Taliban ta kama Kabul, Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta aika wasiƙa guda ga 'yan Afganistan 245 masu neman a kwashe su, kowa yana ganin adireshin kowa, domin ba a sa su a gurbin da ke ɓoye masu karɓa ba. Mutane ne da ke ɓuya don tsira da rayukansu. An ci ma'aikatar tarar fam 350,000 a 2023.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Ostareliya. A 2014 wani ma'aikacin shige da fice ya tura bayanan fasfo na shugabannin duniya 31 da suka zo taron G20 ga masu shirya gasar ƙwallon ƙafa ta Asiya. Ya fara rubuta suna, Outlook ta ƙarasa masa da wani, bai duba ba. To, mai karatu, duba wayarka ka ƙirga Muhammad nawa ne a ciki, Abubakar nawa, A'isha nawa. Ni kaina an taɓa turo mini sakamakon jarrabawar ɗaliban wani sashe kafin a amince da shi, don kurum sunana ya zo ɗaya da na wani malami.

Ra'ayina shi ne, a daina ɗora wa akawu laifin shi kaɗai. A da, wasiƙa sai ta bi ta hannun mai tafireta, oga ya karanta ya sa hannu, a rufe ambulan, masinja ya kai, mai karɓa ya sa hannu a littafi. Mun yi ta ƙorafin jan ƙafa, gaskiya ne, amma idanu huɗu ko biyar kan ga adireshin. Yau mutum guda ne ke yin duk wannan cikin daƙiƙa goma, ga gajiya, ga oga na jira. Mun tsige shingayen ba mu kafa wasu ba, sannan muna cewa a riƙa lura.

Shingayen kuwa ba su da tsada. Ana iya saita imel ɗin ofis ya yi gargaɗi duk lokacin da saƙo zai fita waje, ya kuma riƙe shi minti ɗaya ko biyu kafin ya tafi, domin galibi da an danna ake tunawa. Kada a dogara da kiranyen saƙo: in ya bar gida, ya zama zarar bunu. Takardar albashi ko ta marasa lafiya bai kamata a liƙa ta a wasiƙa ba. A ajiye ta a rumbun ofis, a aika hanyar shiga wadda sai mai izini zai buɗe, ana kuma iya toshe ta daga baya. Sanarwar mutum ɗari a bar wa manhajar da ke aika wa kowa tasa daban. Duk wannan ba zai yiwu ba muddin ma'aikata na gudanar da aikin hukuma da Gmail ko Yahoo na kansu, abin da har yanzu muke gani.

Saura batun tsoro. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'o'i 72 idan ɓarakar na iya cutar da mutane. Ta yaya ofis zai cika wannan wa'adi, alhali ma'aikaci ya san takardar tuhuma ce ladan faɗin gaskiya? Wanda ya turo mini sakamakon nan ya kira ni murya na rawa, yana roƙon in rufa masa asiri. Na goge, na yi shiru. Har yau shugaban sashensa bai sani ba, kuma sunana na nan a kwamfutarsa, kusa da na wancan malamin.