Damuwar matasa: darasi daga Kenya, tambaya ga fadodinmu

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar damuwa mai tsanani ko fargaba. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi likitocin wannan fanni kaɗan ne, su ma a manyan birane suke. Shi ya sa ake gwada wata hanya: a horar da matashi ya taimaki ɗan uwansa matashi.

A Kenya, cibiyar Shamiri, wadda Tom Osborn na cikin waɗanda suka kafa ta, tana ɗaukar samari da ƴan mata da suka gama sakandare ba da jimawa ba, ta horar da su, ta tura su makarantu. Suna zama da ɗalibai rukuni-rukuni, awa ɗaya a mako, har mako huɗu. Ba a cewa kowa yana da taɓin hankali. Zancen da ake yi shi ne mutum na iya canzawa, da godiya, da abin da yaro ke ɗauka da daraja a rayuwarsa. Wannan dabara ce, don yaron da zai gudu in ya ji sunan cuta, nan sai ya zauna.

Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya bi ɗalibai 413 a yankunan Nairobi da Kiambu. Waɗanda suka bi shirin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka koya wa dabarun karatu kawai, kuma bambancin bai gushe ba bayan wata bakwai. Sauƙi ne, ba warkewa ba, kuma yaron da ke tunanin kashe kansa aikin likita ne.

Mu nan wurin zaman ba shi muka rasa ba. Daga Damagaram zuwa Yamai, kusan kowace unguwa da fadarta, inda samari ke raba dare kan shayi. Sirrin da yaro ba zai gaya wa mahaifinsa ba, a nan yake faɗinsa. Sai dai abokin da bai san abin yi ba, ko ya ce "yi haƙuri" ya wuce, ko ya yi masa dariya, wani ma ya miƙa masa tramol. Abin da ƴan Shamiri suka fi shi da shi horo ne, da wani babba mai sa ido, da sanin lokacin da magana ta fi ƙarfinsu.

Akwai kuma inda samfurin Kenya ba zai ɗauke mu ba. Shi a makaranta yake tafiya, mu kuwa yara da yawa ba sa lakwal. Fada ma ta maza ce. Yarinyar da aka aurar tana shekara 15, ta bar ƙawayenta ta koma wani gari, ba ta aji, ba ta fada. Duk shirin da za a kawo Nijar, daga kanta ya kamata a fara lissafi.