Ba Kowane Tari Ne Tibi Ba, A Auna Mana Huhu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan tari, tunda ga hunturu ya kawo kai, hazo ya fara rufe duwatsun Dutsin-Ma.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yayata, wadda ta fi shekara 20 tana suyar ƙosai a Kurfi. Tari da haki suka sa ta gaba, har ta kai ba ta iya ɗaukar bokitin ruwa. Mai kemis ya yi ta ɗura mata maganin tari da kafso. An gwada kakinta sau biyu, babu tibi. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu. Sai da muka je birni, likita ya sa ta busa wata na'ura da ake kira sifairomita, sannan aka gane kan ciwon.

Gwajin ba allura, ba jini. Za a toshe maka hanci, ka cika ƙirji da iska, ka busa da iya ƙarfinka har ta ƙare, aƙalla sau uku. A takardar da za ta fito, lamba biyu ce abin dubawa. FVC ita ce dukan iskar da ka fitar. FEV1 kuwa ita ce wadda ta fita a daƙiƙar farko. A ce mutum ya fitar da lita 4, kuma lita 3.2 ta fita a daƙiƙar farko, ya samu kashi 80 cikin 100 ke nan, lafiya lau. Idan ya gaza kashi 70, to, hanyoyin iska sun tsuke. Mai sayar da man gyaɗa ya san wannan: jarka cike take, amma in bakinta ƙarami ne sai a daɗe ana tsiyaya.

Daga nan sai a ba ka maganin shaƙa irin su Ventolin, a jira kamar minti 15, ka sake busawa. In FEV1 ta ƙaru da kashi 12 cikin 100 da kuma mililita 200, alama ce ta asma. In kuwa ka tsaya ƙasa da 70 ɗin nan, likita zai yi zargin toshewar huhu ta dindindin, wadda suke kira COPD. Ita ce ta kama yayata. Ba ta taɓa shan taba ba, hayaƙin icce ne na shekara da shekaru. Ba a warkewa sarai, amma magani da guje wa hayaƙi suna rage mata gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 cutar ta kashe mutum miliyan 3.5, ita ce ta huɗu wajen kisa a duniya. Mu nan ko sunan kirki ba mu da shi gare ta.

Akwai kuma wanda lissafinsa zai fi 70, amma dukan iskar ta gaza kashi 80 na abin da ya dace da shekarunsa da tsawonsa. Wannan jarkar ce da kanta ta motse. Tabon tsohon tibi na kawo haka, ƙurar fasa dutse ma haka, sai an haɗa da hoton ƙirji a tabbatar.

Kada a fahimce ni baibai. Duk wanda tarinsa ya kai sati biyu, gwajin kaki ne farko, domin maganin tibi kyauta ne, wata shida. Maganata a kan wanda aka ce masa ba tibi ba ne, aka sallame shi hannu rabbana: masu injin niƙa, 'yan acaɓa, masu gashin tsire, da iyayenmu mata a madafa. Kuma mu daina cewa wai wanda ya fara maganin shaƙa ya zama bawansa, ba gaskiya ba ne.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da ta tabbatar akwai wannan na'ura tana aiki a manyan asibitocin Dutsin-Ma da Kurfi, tare da ma'aikacin da ya iya karanta ta, domin busa marar kyau tana ba da lambar ƙarya. Ƙwararrun Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za su iya horas da su. Na'urar 'yar ƙarama ce, a tafin hannu ake riƙe ta. Garin da ke da jami'ar tarayya tun 2011 bai kamata mai ƙosai ta rufe kasko, ta biya kuɗin mota a wannan marra ta tsadar mai da fargabar hanya, don kawai ta je ta busa bututu ba.



Mai karatunku,
daga Dutsin-Ma, Jihar Katsina.