Tilasta Allurar Rigakafi da 'Yancin Ɗan Adam a Lokacin Annoba

Allurar rigakafi ta bambanta da sauran magunguna ta fuska guda, wato amfaninta bai tsaya kan wanda aka yi wa ba. Idan mafi yawan mutanen gari suka samu kariya, cuta kan rasa hanyar yaɗuwa, jarirai da marasa lafiyar da ba a iya yi wa allura su ma su tsira albarkacin sauran. A cutar ƙyanda, sai an yi wa kimanin kashi 95 cikin ɗari na jama'a kafin a kai ga wannan matsayi. Nan ne gwamnatoci ke samo hujjar tilastawa, nan ne kuma gardama ke tashi, domin kowa na ganin shi ke da iko da jikinsa.

Gardamar ta daɗe. A shekarar 1905, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan wani fasto, Henning Jacobson, da ya ƙi allurar agana a jihar Massachusetts. Kotun ta ce jiha na da ikon cin sa tarar dala 5, saboda 'yancin mutum bai kai ga jefa maƙwabtansa cikin haɗari ba.

Annobar korona ta sake tayar da batun, kowace ƙasa da salonta. A watan Yulin 2021 Faransa ta sanar cewa sai da takardar shaidar allura ko ta gwaji za a shiga gidajen cin abinci da jiragen ƙasa masu dogon zango, kuma cikin 'yan kwanaki miliyoyin mutane suka nemi allurar. Ostiriya ta wajabta ta kan manya a watan Fabrairun 2022, amma ta dakatar da dokar bayan wata guda, daga bisani ta soke ta. A Najeriya, daga ranar 1 ga Disamban 2021 aka bukaci ma'aikatan gwamnatin tarayya su nuna katin allura ko sakamakon gwaji kafin shiga ofis. Saudiyya kuwa ta sanya allurar cikin sharuɗɗan aikin Hajji na 2022, kamar yadda ta daɗe tana yi da allurar sanƙarau.

Bayyanar nau'in korona na Omicron ta raunana hujjar masu tilastawa, domin ta nuna allurar ta fi ƙarfi wajen hana cutar tsananta fiye da hana ta yaɗuwa. Sai hujjar ta koma kan rage cunkoso a asibitoci.

Arewacin Najeriya na da nasa darasin. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, a lokacin da jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano a 1996 ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. An dawo da aikin a 2004, amma abin da ya juya akalar lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, tare da mata masu bi gida gida suna bayani. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali.

Tilastawa kan ɗaga alƙaluma cikin gaggawa, amma takan ƙara taurin kan masu shakka. Shi ya sa masana lafiyar al'umma ke gindaya mata sharuɗɗa: haɗarin ya zama babba, allurar ta wadata kuma kyauta, a keɓe masu uzurin rashin lafiya, a riga an gwada wayar da kai, sannan a ɗage dokar da zarar dalilinta ya gushe.