Raddi Ga Masu Ɗora Wa Kalapahar Rushe Haikalin Kamakhya

A kan tudun Nilachal da ke Guwahati, a jihar Assam ta Indiya, haikalin Kamakhya yake. Babu gunki a ƙuryarsa, sai tsagaggen dutse da ruwan marmaro ke jiƙawa. Mabiya Hindu sun yi imani nan ne matuncin allahiya Sati ya faɗo bayan da abin bautarsu Bishnu ya daddatsa gawarta. Wannan aƙidarsu ce, ba ita nake ja ba. Abin da nake ja shi ne da'awar cewa Kalapahar, kwamandan Sarkin Bengal Sulaiman Karrani, shi ya rushe tsohon ginin.

Masu wannan da'awa sun ce bayan ɓarnarsa ne sarkin Koch, Naranarayan, da ƙanensa Chilarai suka sake gina shi. To, rubutun da ke jikin haikalin ya nuna an kammala aikin a 1565. Shi kuwa Kalapahar, yaƙin da ya fito da sunansa, wanda ya auka wa haikalin Jagannath a Puri, a 1568 aka yi shi. Yaya za a gyara ɓarna shekara uku kafin a yi ta?

Sun ce ai rundunar Karrani ta shiga ƙasar Koch, har ta kama Chilarai. Gaskiya ne, na sallama. Sai dai bayan 1565 aka yi wannan, kuma ginin 1565 yana nan tsaye. Ƙari a kan haka, labarin gidan Koch kansa ya ce mahaifin Naranarayan da Chilarai, Biswa Singha, wanda ya rasu wajen 1540, kango ya tarar a tudun, ya farfaɗo da bauta a wurin.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ruwayar baka. Ruwayar nan ce fa ta ce wani sarki mai suna Naraka ya ɗauki alkawarin gina matakalar tudun a dare ɗaya don ya auri allahiya Kamakhya, ita kuma ta sa zakara ya yi cara kafin asuba. Labari ne mai daɗi, amma ba a ciro shekara daga cikinsa. Kuma a wannan yanki, da an ga kango sai a ce Kalapahar, kamar kura da aka saba laƙaba wa kowace ɓarna.

Idan har sai an nemi mai laifi, masana da dama sun fi karkata ga wani Sarkin Bengal da ya gabaci Karrani, Alauddin Husain Shah, wanda ya ci daular Kamata a 1498, ya tumɓuke Sarki Nilambar. Wannan ma zato ne mai ƙarfi, bai kai yaƙini ba, amma shekarunsa sun dace da kangon da Biswa Singha ya tarar.