Kare Ma Iri Gare Shi

Yau mu ɗan jingine labarin soyayya, mu yi maganar kare. Wanda ya yamutsa fuska ya yi haƙuri.

Tun da tsaro ya taɓarɓare a ƙauyukanmu, daga Funtua har Malumfashi, masu hali suka shiga sayen ƙaton karen nan na Jamus, Alsashiyan, don gadin gida da gona. Wani maƙwabcina ya sayar da masara ya sayo kwikwiyo. Wata shida ana ɗura masa nama, bai fi dila girma ba. Gashi ya zube, fata ta yi baƙi. Aka ce sammu ne. Sai da aka kai shi Zariya likitan dabbobi ya ce wada ne, kuma gado ya yi.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai fitar da sinadarin girma. Tasa ce ba ta ginu ba. A 2011 masana a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gano ƙwayar halittar da ke jawo haka, mai suna LHX3. Uwa da uba ƙato-ƙato, lafiyarsu ƙalau, amma in duka biyun suna ɗauke da ita, sai a sa ran ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ya fito wada. Ƙodarsa takan lalace, kuma in babu magani da wuya ya wuce shekara 5.

To laifin wa? Na masu kiwon sayarwa, da ke haɗa wa da ƙanwa, uba da 'ya, wai kada jini ya gauraya. Kwaɗayi ne kawai! Akwai gwajin jini da ke nuna mai ɗauke da ciwon, amma wa ya damu?

Mu ma masu saye da namu. Manomin Funtua ba ya shuka auduga sai ya san irin. Me ya sa zai miƙa kuɗin masara bai tambayi asalin kare ba? Don an ce na Turawa ne?

Addini ya yarda a ajiye kare don gona, kiwo da farauta, bai yarda a azabtar da shi ba. Jama'a, kafin ku biya, ku tambayi dangantakar iyayen. In an yi muku kwana-kwana, ga karen gida nan, ya san rana, ya san ɓarawo.

Allah Ya sa mu gane.